Karen loca da farautar zomo: wane jini za a haɗa, kuma me ake dubawa kafin barbara?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tambaya gare ni a kan karen nan na Ingila da Ayalan da suke rubutawa lurcher, mu dai mu ce loca. An ce ruwa biyu ne. To me ake haɗawa da me, kuma wane haɗi ya fi kama zomo? Wanda zai sa karyarsa barbara kuma, me zai duba kafin ya kai ta?

Ɗan Yoksha: Wa alaikumus salam ƙanena. Loca ba iri ba ne mai rajista, ƙungiyar Kennel Club mai rajistar karnuka a Birtaniya ma ba ta lissafa shi cikin ire-iren karnuka. Gefe ɗaya dole ya zama karen gudu mai farauta da ido: girehon, wifet, saluki ko diyahon. Ɗaya gefen kuma karen aiki ne, ko koli mai kiwon tumaki, ko teriya, wato ƙaramin karen kama ɓera, irin Bedlintin, ko jinin bul mai ƙarfin muƙamuƙi. In aka haɗa karnukan gudu biyu, misali wifet da girehon, masu tsantseni ba sa kiransa loca, dogon kare suke ce masa.

Amma kafin a je ga jini, a fara tantance zomon. Mu da Hausa duk zomo muke cewa, su kuwa dabba biyu ce daban. Akwai zomon rami, ƙarami, kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, yana zaune cikin ramuka masu ƙofofi da yawa a gindin shinge. Akwai zomon fili, kilo uku zuwa biyar, ba ya haƙa rami, gudu ne garkuwarsa, yana taɓa kilomita 70 a awa. Na rami ba ya nisa da gida. Daga inda yake kiwo zuwa ƙofar raminsa sau da yawa bai kai mita ɗari ba, tseren duka 'yan daƙiƙoƙi ne. Saboda haka karen da zai kama shi ba mai dogon gudu ake nema ba. Ana neman wanda zai kai ƙarshen saurinsa cikin taku huɗu ko biyar, ya sha kwana a matse, ya kai baki ƙasa ya ɗauka yana cikin gudu.

Sarkin Baka: Madalla da wannan bambanci. Namu na dajin ƙasar Hausa shi ne na fili, kwanciya yake a gindin sabara, ba shi da rami. Shi ya sa aka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Yaro, ka riƙe wannan, don duk abin da za a faɗa maka a kan karen Turai a kan zomonsu aka gina shi.

Mai Raga: Ranka ya daɗe haka ne. A ƙara da doka, don ita ma tana zaɓa wa mutum kare. A Ingila da Wales dokar farauta ta 2004, wadda ta fara aiki ranar 18 ga Fabrairu 2005, ta haramta sakin kare a kan zomon fili, amma ta bar zomon rami da ɓera muddin kana da izinin mai ƙasa. A 2022 an ƙara tsananta hukuncin masu bin zomon fili, har da ɗaurin wata shida da tarar da ba ta da iyaka. Sukotland kuwa dokarta ta 2023 ta shigar da zomon rami cikin dabbobin da ba a bari kare ya kora ya kashe. Wanda yake can kada ya ɗauka abin da ya halatta a Yoksha ta Ingila ya halatta masa.

Aikin kuma iri uku ne. Akwai farautar rami da feret, wata 'yar dabba mai kama da tunku da ake zurawa a rami, a ɗaɗɗana ƙananan raga a kowace ƙofa. Akwai farautar dare da tocila mai ƙarfi. Akwai yawon rana, kare na bin shinge da sarƙaƙiya yana tayarwa. Kowanne da karensa.

Na rami, ni dai ban ga na biyun Bedlintin da wifet ba. Tsayinsa a kafaɗa santimita 46 zuwa 53, yana da hanci, gashinsa mai kaushi yana tare masa ƙaya, fatarsa ta fi ta wifet zalla kauri. Aikinsa na farko ma ba gudu ba ne: ya sansana ƙofar rami ya nuna maka da mai gida a ciki. Kare mai gaskiya zai tsaya cak, ya ɗan karkata kai, wutsiya na motsi a hankali. Ramin da ba kowa kuwa ko kallo ba zai ƙara masa ba. Wannan kaɗai yana hana ka ɓata awa guda kana ɗana raga ashirin a kango. In an zura feret, sai ya koma gefe ya yi shiru yana sauraron dirin ƙasa, ba ya leƙa ƙofa, don zomon da ya ga kan kare a bakin rami komawa yake, ya gwammace feret ya ci shi a ciki.

Ɗan Yoksha: Malam Mai Raga, a rami na yarda. A tocila kuwa ban yarda ba. Dare guda a makiyaya mai faɗi kare zai yi tsere ashirin, talatin, kowanne ya ɗauko zomo kilo biyu ya kawo maka, wani lokacin ya tsallake katangar dutse da shi a baki. Ɗan Bedlintin da wifet mai kilo 12 zuwa 14 yana ƙarewa tun dare bai raba ba. Nan koli da girehon ya fi, tsayi santimita 58 zuwa 64, nauyi wajen kilo 22 zuwa 27. Koli na kawo hankali, juriya, dagi mai ƙarfi da saurin farfaɗowa tsakanin tsere da tsere. Kuma shi ne yake saurin gane dokar haske: ya bi layin tocila, in an kashe ya dawo nan take, ba ya tsayawa farautar kansa cikin duhu yana tarwatsa sauran zomaye.

Ga yadda abin yake a fili. Dare marar wata, mai iska, kana tafiya iska na bugun fuskarka, ka shiga tsakanin zomaye da shinge. Ka haska sau ɗaya, ka ga ido ja. Wani zomon zai lafe a ciyawa ya kwantar da kunnuwa, bai motsa ba. Karen da ya ƙware yana takawa sannu a gefen hasken har ya iso ya ɗauke shi a zaune. Mai jinin gudu zalla sai ya wuce shi a guje bai ma gan shi ba.

Mai Raga: Amma ka faɗi aibin koli ma, Yallabai.

Ɗan Yoksha: Zan faɗa. Wayonsa ne aibinsa. In aka yawaita sakinsa a kan zomon da ke dab da shinge, wanda ba zai kamu ba, sai ya fara lissafi. Ka sake shi ya yi taku goma ya tsaya, ya ga ba riba. Daga nan sai ya fara zaɓen wanda zai bi. Mafi yawa laifin mai igiya ne, amma akwai gidajen da abin yake a jininsu. Na biyu, ɗan haɗin farko, rabi koli rabi girehon, wani lokaci yakan fito da jikin koli, gajere mai nauyin kafaɗa, ba shi da tashin farko. Shi ya sa ake mayar da karyar rabi da rabi ga girehon, 'ya'yan su fito kashi uku cikin huɗu girehon, ɗaya koli. Sauri ya ƙaru, amma fata ta yi siriri, dagi ya yi rauni, raunuka su yawaita. Babu haɗin da ke ba ka abu bai karɓi wani abu ba.

Sabon Shiga: To saluki da bul fa, yayana? Su ake ta yabo a bidiyo.

Ɗan Yoksha: Saluki dogon numfashi gare shi da dagi mai jure ƙasa mai tauri, amma don zomon fili aka yi shi. Yana jinkirin balaga, yana da taurin kai wajen kira da kawo abin da ya kama. Kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin takwas ya isa ga mai zomon rami. Bul kuma ƙarfi ne da zafin zuciya, zomo bai buƙatar su. Yawancinsu bakinsu da nauyi, su farfasa haƙarƙari, nama ya taru da jini, mahauci ya ƙi saye. Ga kuma dokar Birtaniya ta 1991 a kan karnuka masu haɗari, wadda siffa take dubawa, ba takardar asali ba. Diyahon ya yi girma, kafin ya miƙe ƙafa zomo ya shige.

Sarkin Baka: Ku sauko kan barbara. Mu a wurinmu magana ɗaya ce: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A nemo gwani a haɗa da gwana.

Likitar Dabbobi: Allah ya ja zamanin Sarki, maganar tana da gaskiya, amma a ruwa biyu tana da iyaka, kuma iyakar ce ke ruɗin mutane. In ka haɗa girehon zalla da koli zalla, kowane kwikwiyo rabi ya ɗauka nan, rabi can, shi ya sa sukan fito kusan kai ɗaya. In ka haɗa rabi da rabi da wani rabi da rabi, a takarda har yanzu rabi ne, amma a ciki ɗaya za ka ga mai kama da girehon, ka ga mai kama da koli, ka ga mai ƙirjin wannan da ƙafafun wancan. Duk lissafin kashi uku cikin huɗu da kashi biyar cikin takwas matsakaici ne, ba alkawari ba ne a kan kowane kwikwiyo. Gidajen da suka daɗe suna haɗa loca da loca, suna cire marasa kyau daga kiwo zuriya bayan zuriya, su ne 'ya'yansu ke fitowa iri ɗaya.

Sai abin da ido ba ya gani. Ana goga auduga a cikin kumatu a aika ɗakin gwaji, ba tsada sosai idan aka kwatanta da asarar ciki guda.

Jinin Bedlintin yana ɗauke da cutar taruwar sinadarin tagulla a hanta, ƙwayar gadon da ake kira COMMD1. Sai kwikwiyo ya gada daga uwa da uba sannan ta kama shi. Bedlintin a kan wifet zalla, mafi muni ɗan ya zama mai ɗauke da ita bai yi ciwo ba. Haɗarin yana wurin haɗa ruwa biyun Bedlintin da wani ruwa biyun Bedlintin: in duka suna ɗauke da ita, kowane kwikwiyo yana da kaso ɗaya cikin huɗu na kamuwa. Ciwon kuma ba ya nunawa da wuri, sai kare ya girma an gama wahalar horonsa ya fara rama, amai, idanu su yi rawaya.

Jinin koli yana da abu uku. Akwai lahanin ido na gado. Akwai launin dabbare-dabbare mai ruwan toka da baƙi da ake kira mal: kada a taɓa haɗa mal da mal, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan kan fito farare, kurame ko makafi ko duka. A kula, a jikin kare ja ko mai ruwan ƙasa launin yana ɓuya, sai gwaji ya tona. Na uku lahanin ƙwayar gado ne da ake kira MDR1, wanda ke sa wasu magunguna su ratsa ƙwaƙwalwa. Ya fi yawa a koli mai dogon gashi, a kolin aikin kiwo da ake kira Boda koli kaɗan ne, amma loca ba kullum ake sanin kakanninsa ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don a gida an saba zuƙo allurar aibamektin ta shanu a danna wa kare saboda kaska ko ƙazuwa. Mai wannan lahani zai fara dalalar da miyau, ƙwayar ido ta buɗe, ya yi tangaɗi, ya makance, ya suma. Har maganin tsayar da gudawa na lofaramaid yana yi musu illa.

Wifet na tsere kuma akwai ƙwayar gadon tsoka da binciken 2007 ya bayyana: mai guda ɗaya ya fi sauri, mai guda biyu tsoka ta yi masa yawa har ta hana shi gudun kirki, ga yawan ɗaurewar jijiya. Masu sauri biyu in duk suna ɗauke da ita, ka san abin da zai iya fitowa.

Mai Raga: Dakta ta gama magana. Abin da gwaji ba ya nunawa kuma, idonka ne zai nuna, kuma a fili, ba a hoto ba. Kada a sa karya barbara sai ta yi aƙalla kakar farauta biyu cikakku, wato ta haura shekara biyu. Namijin ma a je a gan shi yana aiki dare guda ko wuni guda. Abubuwa huɗu suna bin jini sosai: haushi a bayan zomo, taurin baki, tsayawa a tsakiyar tsere, da lalataccen dagi. Mai haushi a tocila ya kore maka duk zomayen makiyaya uku, ya kuma tashi karnukan gonar maƙwabta. Ko yana kama ɗari a dare, kada a ɗauki ɗansa.

Dagi kuwa, a tsayar da kare a kan siminti a duba. Yatsu su dunƙule su yi baka, tafin ya yi kauri, farce gajere mai ƙarfi. Wanda yatsunsa suka baje kamar an taka kwaɗo, ranar da ya sha kwana a gonar da ke da ƙanƙarar dutse yatsa zai goce, gaɓar ta kumbura, in ta warke ma ta sandare. A lanƙwasa wuyan hannunsa a ji ko yana nishi. Kada a ce za a gyara karya mai bajajjen dagi da namiji mai wani aibin daban, sau da yawa duka biyun ake tarawa a kwikwiyo ɗaya.

A haɗin farko, babbar ita ce uwa: namijin koli a kan karyar girehon, namijin Bedlintin a kan karyar wifet. Karyoyin girehon da suka bar tsere ana samunsu, kunnensu da lambar zane da za a bi a ga tarihinsu. A tambayi dalilin barinta. Wadda ta bari don ta karye a kwana dabam take da wadda ta bari don ba ta son bi.

Likitar Dabbobi: Lokaci kuma. Jinin da karya ke zubarwa in lokacin barbararta ya zo yakan ɗauki wajen kwana tara kafin ta tsaya wa namiji, amma ƙirgen kwana goma sha ɗaya da sha uku da mutane suka haddace shi ne babban dalilin da karya ke fitowa ba ciki. Wata tana sakin ƙwai a kwana na bakwai, wata sai bayan sha takwas. A auna sinadarin furojestaron a jini duk bayan kwana biyu daga kwana na shida. In ya kai wajen nanogiram 5 a mililita ta saki ƙwai, a haɗa bayan kwana biyu, a maimaita bayan awa 48. Haihuwa kwana 63 ne daga sakin ƙwai. A yi hoton ciki tsakanin kwana 25 da 30.

Sati biyar na farko kada a ƙara abinci, ƙiba ce kawai. Daga sati na shida a ƙara kashi goma cikin ɗari kowane sati, a raba shi ƙanana sau uku ko huɗu. Kada a ba ta ƙarin kalsiyam tana da ciki, shi ke jawo jijjiga bayan haihuwa lokacin da nono ya kawo. Maganin tsutsa na fenbendazol, miligiram 25 a kowane kilo, kullum daga kwana 40 har kwana biyu bayan haihuwa, yana rage tsutsar da ke bi ta mahaifa. A satin ƙarshe a auna zafin jikinta safe da yamma. In ya sauka daga wajen 38.5 zuwa 37, naƙuda na nan cikin awa 24. In ta yi minti 30 tana yunƙuri mai ƙarfi ba ɗa, ko koren ruwa ya fito kafin ɗan fari, ko awa biyu ta wuce tsakanin ɗa da ɗa, a tafi asibiti. A kuma gaya wa likita jinin girehon ce, don maganin sa barci irin tayofental yana daɗewa a jikinsu, wasunsu kuma sukan yi zubar jini kwana ɗaya ko biyu bayan tiyata.

Kwikwiyo ya sha dakashi cikin awa 12 na farko, wurin kwanciyarsu ya kai digiri 29 zuwa 32 a satin farko. Maganin tsutsa daga sati biyu, duk bayan sati biyu. A Ingila ba a sayar da shi kafin sati takwas, kuma tun 2016 dole a sa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata.

Malam na Zaure: Allah ya saka. Ƙarin bayani ga musulmin da zai ci naman: aya ta 4 a Suratul Ma'ida da hadisin Adiyyu ɗan Hatim sun shimfiɗa sharuɗɗan. Kare ya zama horarre, kai ka sake shi, ka ambaci sunan Allah lokacin sakin. In ka riski zomon da rai, sai ka yanka. To kun ga kare mai laushin baki da ke kawo shi da ransa har hannu ya raba ka da kowace shubuha. A riƙe wuƙa mai kaifi a aljihu, a yanka nan take, kada a bar dabba tana wahala.

Ɗan Tawa: Ni tsorona kada wani ya karanta wannan ya tara kuɗi ya ce zai shigo da loca Kano ko Maraɗi. Gashin Bedlintin a cikin ƙarangiya azaba ne, taku ashirin ya dunƙule. Dagin girehon a kan fako da tsidau bai kwana biyu. Ga zafi: karen da aka yi don sanyin Ingila in ya yi tsere biyu da hantsi a watan Afrilu, zafin jikinsa ya haura 41, sai ya faɗi. Ga cututtukan kaska, ga sammore a kudu. Alhali muna da azawak a kwarin Azawak, arewa da Tawa wajen Abalak da Cintabaraden har cikin Mali, tsayi santimita 60 zuwa 74, nauyi kilo 15 zuwa 25, Buzaye sun daɗe suna kama zomo da barewa da shi. Wanda ke son dabarar loca ya ɗauki dabarar kawai: azawak a kan karyar gida mai hanci da jin kira. Sai dai a sani karyar azawak da yawa sau ɗaya take zuwa a shekara, in ka kuskure lokacin sai baɗi.

Likitar Dabbobi: Na goyi baya, Malam. A ƙara da duba gaban namiji da na mace kafin haɗi. Akwai ƙari mai jini, kamar farin kabeji, da ke yaɗuwa ta barbara, ya yi yawa a karnukan da ke yawo sake. Allurar haukan kare kuma a sati 12, ta fabo, cutar amai da gudawa, tun sati shida zuwa takwas a maimaita.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai iyayena. Saura ɗaya: cikin kwiyakwiyai takwas, wanne zan ɗauka, kuma yaushe zai fara aiki?

Mai Raga: Je ka gan su sau biyu, a sati shida da sati takwas. Ka bar mai maƙalewa a lungu, ka bar mai yawan kuka. Ka jefa fatar zomo da aka naɗe a kan ɗan itace, ka ga wanda zai ɗauka ya nufo ka da ita. Ɗaga leɓe ka ga haƙoran sama sun ɗan rufe na ƙasa. Dagi a dunƙule, baya mai ɗan tsawo, ƙafafun gaba a miƙe. In ana zargin mal a gidan, tafa hannu a bayansa yana barci, ka ga ko yana ji.

Wata shida na farko kira ne da kawowa kawai, minti biyar sau biyu a rana, a daina tun bai gaji ba. A saba shi da tumaki da kaji da feret tun yana wata uku, a igiya, don manomin Ingila doka ta ba shi kariya in ya harbe karen da ke bin tumakinsa. Tsallake a fara da katako mai tsayin gwiwarsa, a bar waya mai ƙaya sai ya iya ɗaga ƙafafun baya sosai. Ƙananan haɗi za su iya zuwa rami kallo a wata takwas ko tara. Tocila kuwa sai wata 12, manya irin masu jinin saluki ko diyahon wata 15 zuwa 18, lokacin da ƙashi ya gama rufewa.

Ɗan Yoksha: Daren farko kuma a zaɓi farkon kaka, Satumba, zomayen bana ba su san haske ba tukuna. A nemi wanda ya yi nisa da shinge, ko wanda ya lafe, a matsa kusa sosai kafin a saki. Tsere uku ko huɗu sun isa. In ya kama ɗaya ya kawo, a sa masa igiya a koma mota, ko da fili cike yake da ido.